Yadda Ake Neman Kuɗin Binciken Noma na Haɗin Gwiwa a Kudancin Kano

Wanda ya bi hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada da Doguwa a watan Satumba zai ga masara ta rufe gabas da yamma. Zai kuma ga wasu gonakin da masarar ta tsaya iya gwiwa, ganyenta ya yi rawaya, wata ciyawa mai fure ruwan hoda tana sheƙi a gindinta. Wuta-wuta ke nan, wadda wasu ke kira ƙuduji. Tana maƙale wa saiwar masara ko dawa ta tsotse ruwa da abinci tun kafin ta leƙo waje. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban iri, irin kuma yana iya zama cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran a shuka hatsi.

Saboda wannan ciyawa aka ƙaddamar da wani aiki mai suna ISMA a 2011, ƙarƙashin jagorancin cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. An ƙiyasta kuɗin aikin dala miliyan 9, gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da miliyan 6.75 daga ciki. An gudanar da shi a yammacin Kenya da jihohin Kano da Bauchi, kuma yankin masara na kudancin Kano yana cikin wuraren da aka kafa gonakin gwaji. Cibiyar IAR ta Samaru ta shiga, hukumar KNARDA ta jihar Kano ta ba da malaman gona, cibiyar CIMMYT ta kawo ilimin irin masara, kamfanin BASF ya kawo maganin da ake shafa wa iri. An gwada masara mai jure wuta-wuta, an gwada juya shuka da waken suya, wanda saiwarsa ke sa irin ciyawar ya tsiro ya mutu don bai sami abin kamawa ba.

A irin waɗannan ayyuka manoman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun saba da matsayi guda: a zo da mota, a nemi fili, a kafa allo. Amma ƙungiyar manoma mai tsari, ko matashin malamin jami'a ɗan yankin, ko ƙungiyar mata masu sarrafa waken suya, duk suna iya kasancewa cikin waɗanda suka rubuta takardar neman kuɗin tun farko. Hanyar tana da matakai, kuma kowanne yana da inda ake yawan tuntuɓe.

Tallafin bincike daban, rabon taki daban

Mai ba da kuɗin bincike amsar tambaya yake saya. Ba ya biyan kuɗi don a raba taki ko injin ban ruwa, sai dai in takin ko injin yana cikin abin da ake gwadawa. Ayyukan raya karkara, kamar shirin KSADP na jihar Kano mai dala miliyan 95 da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ɗauki mafi yawan nauyinsa, su ne ke da gurbin rabon kayan aiki. Takardar da ta ce "muna neman tallafi don bunƙasa noma a yankinmu" ba ta wuce matakin farko a wurin masu tantance bincike, komai kyan Turancinta.

Don haka aikin farko shi ne mayar da koken manoma ya zama tambaya. "Taki ba ya aiki kamar da" koke ne. Tambayar da ke cikinsa ita ce: a gonakin jigawa na Kiru da gonakin ƙasa mai laka na Doguwa, wane sinadari ne masara ta fi rashi? Shirin TAMASA, wanda CIMMYT da IITA da Jami'ar Bayero suka gudanar daga 2015, irin wannan tambaya ya bi. An yanka gona gida-gida: wani gida ba a sa masa taki ba sam, wani aka ba shi komai ban da naitirojin, wani ban da fosfaras, wani ban da fotashiyam, wani aka ba shi cikakken NPK, wani aka ƙara masa ƙananan sinadarai. Da kaka ta yi, ma'auni ya nuna abin da ƙasar kowace gona ke nema, kuma gonakin ba su ba da amsa iri ɗaya ba.

Tambaya mai kyau tana da amfanin gona guda, matsala guda, wuri sananne, da abin da za a auna. Tana kuma fitowa daga zama da manoma. Ana yin zaman maza daban, na mata daban, domin damuwar mai gandu ba lallai ta zama damuwar mai gayauna ba. Maigida zai yi maganar tsadar buhun yuriya, uwargida ta yi maganar wake da ƙwari ke cinyewa a ɗaka kafin farashi ya tashi. A rubuta ranar zaman, da unguwar, da yawan waɗanda suka halarta. Masu tantancewa suna neman wannan shaida.

Su wa za a haɗa kai da su

Yankin bai rasa maƙwabta masana ba. A ƙaramar hukumar Bebeji madatsar ruwa ta Tiga take, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina tsakanin 1971 da 1974, ita ce kuma uwar noman ranin Kura da Bunkure da Garun Malam. A Bagauda cibiyar NIHORT mai binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa tana da reshe, kuma a nan cibiyar ICRISAT ta buɗe tashar binciken dawa a 1988. IAR Samaru, wadda aka kafa a 1922 ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana da tashar binciken noman rani a Kadawa. A birnin Kano akwai tashar IITA mai daɗaɗɗen aiki a kan wake, da Cibiyar Binciken Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012 da tallafin gidauniyar MacArthur, daga baya Bankin Duniya ya sa ta cikin zaɓaɓɓun cibiyoyin ƙwarewa na Afirka. Ga kuma Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil.

Tawagar da ta cika tana da ƙafa huɗu. Akwai mai bincike, wanda ya san tsara gwaji da lissafin sakamako. Akwai ƙungiyar manoma, masu fili da sanin ƙasa. Akwai malamin gona, na KNARDA ko na ƙungiyar Sasakawa da ke aiki a Najeriya tun 1992, wanda zai riƙa zagayawa da babur duk mako. Sai ɗan kasuwa: kamfanin iri, ko mai injin casar shinkafa, ko dillalin hatsi na Dawanau, wanda zai ci gaba da abin bayan kuɗin tallafi ya ƙare.

Labarin buhun PICS ya nuna amfanin ƙafa ta huɗun. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da na Kamaru ne suka gano, tun ƙarshen shekarun 1980 a Marwa, cewa wake da aka rufe cikin leda mai kauri ba iska yana tsira daga ƙwari ba tare da magani ba. Ilimin ya daɗe bai bazu ba. A 2007, da tallafin gidauniyar Gates, aka haɗa binciken da masana'antu da 'yan kasuwa, kamfanin Lela Agro na Kano ya shiga ƙera buhun mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, aka riƙa nuna shi a ƙauyuka da kasuwanni. Daga nan ya zama kayan da manomi ke saya da kuɗinsa.

Kafin a rubuta komai, tawagar ta yi yarjejeniya a rubuce, da Hausa da Turanci. Wa ke jagora? Asusun wa kuɗi zai shiga? Amfanin da aka girbe a gonar gwaji na wane ne? In gwajin ya jawo wa manomi asara, wa zai biya? Sunan wa zai fito a rahoto? Yawancin rigimar da ke wargaza haɗin gwiwa daga waɗannan tambayoyi biyar take tasowa, kuma ta fi sauƙin sasantawa tun kuɗi bai shigo ba.

Inda kuɗin yake

A cikin gida, babbar hanya ita ce asusun TETFund. Yana da ƙaramin tallafi da malami ke nema ta makarantarsa, da babban asusun bincike na ƙasa da ake gasa a kansa. Jagoran tawaga dole ya zama ma'aikacin jami'a ko kwalejin gwamnati, saboda haka ƙungiyar manoma tana shiga ne a matsayin abokiyar aiki. Majalisar Binciken Noma ta Ƙasa, ARCN, da ke Abuja ita ke kula da cibiyoyi irin su IAR da NIHORT, kuma ta hannunta wasu shirye-shiryen Afirka ta Yamma ke shigowa.

A matakin nahiya akwai CORAF da ke Dakar, da FARA da ke Accra, da RUFORUM da ke Kampala, wadda ke ba jami'o'i tallafin binciken da ake yi tare da al'umma. Mata masu bincike suna da AWARD a Nairobi. Daga ƙetare akwai gidauniyar Gates, da cibiyar IDRC ta Kanada, da shirye-shiryen Tarayyar Turai, waɗanda galibi ke sharɗanta a haɗa cibiyoyi daga ƙasashe da dama.

Taswirar ta canja a 2025 da gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID. Ita ce ta tallafa wa aikin da ya samar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, wanda IAR Samaru ta fitar a ƙarshen 2019 tare da gidauniyar AATF da masanan Ostireliya, Farfesa Mohammad Ishiyaku yana jagora. Rufe wannan ƙofa ya ƙara cunkoso a sauran. Tawaga mai dabara ba ta jingina da wuri ɗaya, kuma tana farawa da ƙaramin tallafi don ta tara shaidar da za ta nuna wa babba.

Duk wanda ya ce a biya kuɗin fom ko "kuɗin sarrafa takarda" kafin a sami tallafin bincike, ɗan damfara ne. Sanarwar gaskiya tana fitowa a shafin intanet na hukumar da kanta, da ranar rufewa da sharuɗɗa a fili.

Darasi daga Maraɗi

Manoman da ke shakkar ko za a iya damƙa wa ƙungiya irin tasu kuɗin bincike su dubi FUMA Gaskiya, tarayyar ƙungiyoyin manoma ta Maraɗi a Nijar. Gidauniyar McKnight ta Amurka ta tallafa mata ta jagoranci bincike a gonakin mata, tare da cibiyar INRAN ta Nijar da Jami'ar Hohenheim ta Jamus. Cikin abin da suka gwada akwai dunƙulen iri: a kwaɓa yashi da laka da ɗan toka ko ɗan taki, a sa ƙwayoyin gero, a dunƙule, a shanya a inuwa, a shuka. Manoma da yawa, mata a gaba, suka gwada a gonakinsu, wakilan ƙungiyar suka tattara sakamakon. Shirin McKnight na Afirka ta Yamma ya taƙaita ne ga Nijar da Mali da Burkina Faso, amma tsarin abin koyi ne. Abin da ya ba FUMA Gaskiya wannan matsayi shi ne rajista, da littafin kuɗi mai tsabta, da mambobin da aka san sunansu da gonarsu.

Takardun da za a tanada

Ƙungiya tana bukatar rajista, ko ta ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jiha, ko ta amintattu a hukumar CAC. Tana bukatar kundin tsarin mulki, jerin mambobi, lambar haraji, da asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ana tambayarsu takardar SCUML ta hukumar EFCC. In kuɗin waje ne, sai an buɗe asusun dala. Mai bincike kuma ya tanadi tarihin aikinsa da wasiƙar goyon bayan shugaban makarantarsa ko cibiyarsa, wadda kan ɗauki makonni tana yawo a ofisoshi.

Wasu gwaje-gwajen suna da izini na musamman. Irin da aka sauya wa ƙwayar halitta sai da amincewar hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015. Sabon maganin feshi yana bi ta NAFDAC. Binciken da zai yi wa mutane tambayoyi game da kuɗin shigarsu ko abincinsu yana bukatar sahalewar kwamitin ɗa'a na jami'a. A ƙauye kuwa, gaisuwa ga dagaci da hakimi kafin a kafa turke ɗaya tana cikin aikin.

Rubuta takardar

Yawancin masu ba da tallafi suna fara neman taƙaitacciyar takarda ta shafi biyu zuwa biyar. Wanda ya tsallake ne ake kira ya kawo cikakkiya. Taƙaitacciyar ta amsa abu shida a jere: mece ce matsalar kuma wa take ci, me aka riga aka sani, wane giɓi ya rage, yaya za a cike shi, su wa za su yi, nawa za a kashe cikin wane lokaci.

Sashen "me aka riga aka sani" shi ne ke kayar da sababbin shiga. Wanda ya nemi kuɗin binciken wuta-wuta a Tudun Wada bai ambaci ISMA ba, mai tantancewa zai ɗauka bai yi karatu ba. Wanda ya ce ISMA ta nuna juya shuka da waken suya yana taimakawa, yanzu ana son sanin abin da ke hana masu ƙananan gonaki ɗorewa a kai, ya nuna ya san inda aka kwana. Haka mai son yin bincike a kan tsutsar tumatir da manoman Kadawa ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna mai yawa a 2016, ya fara zuwa NIHORT Bagauda ya ji abin da aka gwada.

A bi umarnin sanarwa harafi da harafi: yawan shafi, girman rubutu, kuɗin da ba za a wuce ba. A miƙa kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa, don intanet da wutar lantarki ba su san uzuri ba.

Tsarin gwaji a gonar manomi

Tsarin da ya fi dacewa da haɗin gwiwa shi ne na uwa da 'ya'ya, wanda aka fara amfani da shi a Malawi a ƙarshen shekarun 1990. Uwa gona ce guda a bakin hanya inda ake gwada dukkan zaɓin, ana maimaita kowanne sau uku ko huɗu, mai bincike yana kula. 'Ya'ya kuwa gonakin manoma ne da yawa, kowa ya ɗauki zaɓi biyu ko uku ya gwada kusa da yadda ya saba yi. Uwa tana ba da lissafi mai ƙarfi, 'ya'ya suna nuna yadda abin ke kasancewa a hannun mai shi, da ƙarancin takinsa da jinkirin nomansa.

Kada a zaɓi gonakin shugabannin ƙungiya kaɗai, domin galibi su ne mafi kyau. A haɗa jigawa da fadama, na kusa da gari da na nesa, na maza da na mata. A auna da sikeli, a auna faɗin fili da igiya, tunda kwanon wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. A kuma tsara aƙalla damina biyu. Doguwa, a gefen dajin Falgore, ta fi Bebeji samun ruwa, kuma shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan ko wacce ba.

Kasafi da lokaci

Kasafi yana lissafa iri, taki, ƙwadago, man babur na malamin gona, gwajin ƙasa a ɗakin bincike, alawus ɗin ɗalibai masu tattara bayanai, ranar baje kolin gona, da taron mayar wa manoma sakamako. A sa kuɗin lokacin manomi da diyyar asara a fili. Jami'a ko cibiya tana cire nata kason na gudanarwa: gidauniyar Gates kan tsaya a kashi 15 cikin 100 ga jami'o'in da ba na Amurka ba, babban shirin bincike na Tarayyar Turai yana ba da kashi 25. Abin da tawaga za ta kawo da kanta, fili ko rumbu ko aikin hannu, a yi masa kuɗi a rubuta, domin masu ba da tallafi suna son ganin mai nema ya sa nasa.

Darajar naira ma abin lissafi ce. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kasafin da aka rubuta da naira kafin wannan lokaci ya narke a hannun masu shi. A rubuta farashin canjin da aka yi amfani da shi, a bar ɗan gurbi na ko-ta-kwana in sharuɗɗa sun yarda.

Daga miƙa takarda zuwa shigowar kuɗi yakan ɗauki wata shida zuwa shekara, ruwan sama kuwa ba ya jira. Kuɗin da ya shigo a watan Agusta ya rasa daminar masara. Shi ya sa ake roƙon a sa ranar fara aiki a Maris ko Afrilu don gwajin damina, ko Satumba don alkama da tumatirin rani.

Bayan kuɗi ya shigo

Ana sakin kuɗi kashi-kashi, kowane kashi sai an kawo rahoton na baya. Kowane kobo da rasit ɗinsa. Inda babu rasit, kamar ladan 'yan ƙwadago, a yi takardar sa hannu ko dangwale. Ba a ɗauke kuɗin wani layi a kai wani sai da izini a rubuce. In fari ko tsutsa ta lalata gwaji, a sanar da wuri, a rubuta yadda ya faru, domin shi ma sakamako ne da ake bukata.

Matakin da aka fi mantawa shi ne komawa ƙauye. Rahoton Turanci yana tafiya Abuja ko Nairobi, manomin da ya ba da fili bai ji komai ba, sai wata tawagar ta zo baɗi ta tarar an juya mata baya. A tsara taron bayani da Hausa a kowace unguwa da aka yi aiki, da takarda mai shafi ɗaya a boko da ajami, da shiri a rediyo in kasafi ya ɗauka.

Ƙungiyar da ke son ganin gonar gwajinta nan da damina biyu za ta yi zaman fitar da tambaya da zarar an gama girbi, a Nuwamba ko Disamba, lokacin da kowa ke tune da abin da ya ci masa amfani. Janairu na gyaran rajista da asusu ne. A Fabrairu wakilai biyu ko uku, da malamin gonarsu, su kai tambayar a rubuce zuwa Samaru ko Jami'ar Bayero ko Bagauda, su nemi masanin da ke aiki a kan wannan amfanin gona, su tambaye shi wace sanarwa yake sa ran za ta fito. Daminar da ke tsakani kuma su auna amfanin gonaki 20 ko 30 na mambobinsu da sikeli, su rubuta irin da aka shuka da takin da aka zuba, don waɗannan alƙaluma su ne za su cika shafin farko na takardar.